Ranar da Malam Isyaku Ya Kalli Dattijo Cikin Ido

Shekara shida ke nan cif da rasuwar maigidana, Malam Isyaku, a nan Greensboro ta Amurka. Duk shekara in watan ya kewayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai hidimar gida ta sha kaina. Bana dai na zauna. Abokan karatunsa sun fi ni sanin zurfin iliminsa, don ni a firamare na tsaya. Abin da na gani a cikin gida da ta kan shingen maƙwabta, shi zan faɗa.

Mun zo ne a farkon shekarun casa'in, ya zo neman digiri na uku. Da na tambaye shi a kan me zai rubuta littafin digirin, ya ce a kan kalma ɗaya ta Turanci, wai uppity. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce Malam, ka baro Zariya, ka ƙetare teku da mata da goyo, saboda kalma ɗaya? Ya yi mini bayani a hankali, yadda ya saba. Ya ce ma'anarta mai ji da kai, wanda ya wuce inda aka ajiye shi. Can da, baƙaƙen ƙasar nan ma kan jefi junansu da ita in wani ya cika iyayi. Amma da ta zauna a bakin fararen Kudu sai ta zama bulala. Baƙin mutumin da ya yi karatu, ko ya sa kwat mai kyau, ko ya ƙi kauce wa Bature a hanya, da ita ake kiransa, kuma wanda aka kira da ita ya san ba lafiya.

Shekara biyu yana laburare yana tono tsofaffin jaridu, har idonsa ya nemi tabarau. Sai farfesansa ya ce aikin bai cika ba. Duk abin da ya tara daga bakin masu faɗin kalmar ne, babu muryar wanda aka faɗa wa. In bai samo ta kafin bazara ba, wa'adinsa ya ƙare, mu koma gida babu digiri.

To, muna zaune a East Greensboro, shinge ɗaya da wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda muke kira Baba Amos. Kowa a layin ya ce in tarihi kake nema, wurinsa za ka. Malam ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗauki rikoda. Yana isa baranda ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda duk ɗan mutunci zai gaida sa'an ubansa. Dattijon ya ce masa ya tashi, sannan shi ya shige ciki abinsa ya ja ƙofa. Malam ya ɗauka ladabin ne bai isa ba. Zuwa na biyu ya ƙara yin ƙasa. Zuwa na uku ko kujerar da aka nuna masa bai hau ba, ya zauna a dandamali. Nan ma aka bar shi shi kaɗai da rikodarsa.

Ya dawo ya ce mutumin nan ba ya son 'yan Afirka, shi ke nan. Ni kuwa duk zuwan nan uku ina shanya a bayan gida, ina ji. Turancina a lokacin bai wuce na cefane ba, amma na san murya. Na ce Malam, wannan ba muryar ƙiyayya ba ce. Muryar mutumin da aka fama wa ciwo ce.

Washegari na yi miyar gyaɗa da shinkafa na kai wa matarsa, Mama Rut. Muka zauna a kicin muna ɓarar wake, rabi da baki rabi da hannu, har na gane zancen. Lokacin da Baba Amos yake ƙarami, ubansa yana noman taba a gonar wani Bature wajen Summerfield. Wata rana Baturen ya ce a fito da yara gona. Uban ya ɗaga kai, ya dube shi ido cikin ido, ya ce shi ɗansa makaranta zai je. A nan aka kira shi da kalmar. Kafin mako ya fita an kore su daga gonar. Daga ranar har ya mutu, uban bai ƙara ɗaga kai a gaban wani ba. Shi ya sa Baba Amos ba ya iya ganin baƙin mutum durƙushe, ko da a gabansa ne.

Na gaya wa Malam. Sannan ya ce, "Maman Zainab, ni fa ko launin idon mahaifina ban sani ba. Yaya zan zura wa dattijo ido?"

Na ce, "Ka fara da ni. Shekara nawa kana yi mini magana kana kallon jarida."

Haka muka yi kwana uku yana koyo a kaina. In ya kalle ni sai dariya ta kama mu. Rana ta huɗu ya tafi da takalminsa a ƙafa. Ina leƙe ta taga. Ya tsaya ƙyam, ya miƙa hannu, ya dubi Baba Amos a fuska, gumi na bin wuyansa kamar wanda ya yi sata. Dattijon ya riƙe hannun ya daɗe, sannan ya ce, "Yau ka zo. Zauna a kujera, ka kunna abin naka."

Awa uku suka yi. Bayansa wasu tsofaffi na cocinsu suka biyo, don sun ji Baba Amos ya yarda. Aikin ya cika, aka ba Malam digirinsa. Shekara ɗaya ya yi yana koyarwa, ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Binciken da ya cinye masa ido, na ji ɗalibai yanzu suna yin rabinsa a kwamfuta. Kwanaki a bas na ga wata budurwa baƙa da kalmar nan rubuce ɓaro-ɓaro a gaban rigarta, tana tafe da ita kamar lambar yabo. Na san da zai ji daɗi, kuma na san da sai ya tsayar da ita ya tambaye ta ko ta san wanda ya rasa gona a kanta. Zainab ɗinmu kuwa ta girma da gaisuwa iri biyu. In Alhazawanmu sun zo, ta rusuna. In tsofaffin layi ne, ta tsaya ta dube su. Ba ta taɓa rikita su ba.

Baba Amos ya rasu bara. A watan jiya jikarsa, malamar asibiti ce, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta ce ta ji akwai muryar kakanta a gidan nan. Na ciro kaset ɗin muka saurara tare a falo. Da aka zo kan maganar gona ta sa hannu ta tsayar. Ta ce duk danginsu babu wanda ya taɓa gaya musu dalilin barinsu Summerfield.

Ni kuma wani abu na ji. A cikin awa ukun nan muryar Malam ba ta fito sau goma ba. Sai dai can ƙasa-ƙasa, in dattijon ya ja numfashi, ka ji Malam ya manta ya ce "to" da Hausa. Mutumin da ya haddace littattafai, ya zauna shiru don wani ya samu ya yi magana. Littafinsa yana laburare, ban san mutum nawa suka buɗe shi ba. Amma na ga mace ta shigo gidana ba ta san wane ne mahaifin kakanta ba, ta fita ta sani.

Ta roƙi in yi mata kwafin kaset ɗin. Na ce a'a, kwafin nawa ne. Na asalin naku ne, ku ya yi wa aiki.

Allah ya jiƙan Malam Isyaku, ya haskaka makwancinsa.