Sanyin Kanada ya yi mini aiki

Jiya ɗana ya kira ni ta bidiyo daga Kanada, suna yawon hutu cikin wata mota mai gado da murhu. Famfon motar ya daskare. Madara ma a firigo suke ɓoye ta don kada ta zama ƙanƙara!

Jikata Hadiza ta leƙo daga cikin bargo. Ban taɓa ɗaukarta ba, wai zafin garinmu Gaya zai yi mata yawa.

"Kaka, famfonku yana zuba?"

"Amaryata, har da ɗuminsa. Rana ke dafa mana."

Ta juya. "Baba, ni Gaya za ni."

Gogan yana karkarwa ya ce, "To, in an yi dogon hutun makaranta."

Na gaji da roƙo, sanyi ya gama mini aikin. Jama'a, me ake dafa wa baƙuwar Kanada?