Kan Kalla na Siminti

Duk wanda ya taɓa sarin goro a kasuwar Adjamé da ke Abidjan ya san Kalla mai wotoro, amalanken nan da ake turawa da hannu. Dogo ne, ga wuya kamar na zalɓe, ga muryar da ba ta neman lasifika. A kasuwa kowa na yi da shi, amma a gida, can Treichville, matarsa Tsahara ba ta ɗauke shi bakin komai ba. Burinsa ɗaya ne a duniya: wata rana ta gan shi a inda ake ganin manya.

Sai ga dama ta faɗo. Ƙungiyar 'yan dako ta yanke shawarar kafa mutum-mutumin marigayi Nomau, wanda a zamanin kamen marasa katin zama ya kwanta gaban motar da aka loda wa baƙi, ya ce sai dai a bi ta kansa. Matsalar ita ce Nomau bai bar hoto ko ɗaya ba. Aka duba gabas, aka duba yamma, aka ce ai tsayinsa da wuyansa sak Kalla.

Kalla ya yi aski, ya ari babbar riga, ya riƙa tsayuwa gaban magini yana ɗage da haɓa har wuyansa ya sage. Tsahara kuwa ya ce mata ta tanadi anko.

Ranar da aka zo duba aikin, taro ya kaure da gardama.

"A sa masa hula," in ji Alhaji Mansur, dillalin goro. "Marigayi ba ɗan tasha ba ne."

"Non, non, Alhaji!" in ji Abdulbaqi, haifaffen Abidjan mai ƙaramar Hausa. "Hannu sama, dunƙule. Haka ake yi ma combattant, ɗan gwagwarmaya."

"Dambe ya je yi? Kai yaro, mutumin nan kwanciya ya yi!"

"To a kwantar da shi mana."

"A bakin kasuwa? Mutane su ce gawa ce?"

Malam Idris, limamin 'yan goro, ya yi gyaran murya. "Kun gama? Abu mai kai da ido gunki ne. Amma malamai sun ce in aka cire kan, ya zama kamar kututture, babu laifi."

Kalla ya sauke haɓa. "Allah gafarta Malam, wane kan?"

"Na simintin mana. Wa ya ce naka?"

"Ai shi ne nawan!"

Ba wanda ya saurare shi. Kowa ya ji daɗi ma, don rigimar hula ta mutu. Aka kafa Nomau daga wuya zuwa ƙasa.

Kalla ya ɗora kan a wotoro, ya turo shi har ya haye gada, direbobi na yi masa hon. Tsahara ta tare ƙofa.

"Kada ka shigo min da shi, mala'iku su daina shiga ɗakina."

Ya ajiye shi a tsakar gida kusa da famfo, ya zauna ya yi tagumi. Ta daɗe tana kallon kan.

"Wannan ya fi ka," ta ce. "Ina magana yana saurare."

Washegari zai fita, sai ya iske ta da matan gidan haya sun kewaye famfo, tana goge wa kan ƙura da gefen zane.

"Tanti Tsahara, wane ne wannan?"

"Ba ku da ido? Maigidana ne. Sauran jikin yana Adjamé, jama'a sun riƙe."