Kunnuwan Baba Tsani

Baba Tsani muke ce masa, don da wuya ka gan shi ba tsani a kafaɗa. Shi ne mai gyaran wuta na kwalejinmu. Fanka ta tsaya, ƙwan fitila ya mutu, soket ya yi tartsatsi, duk shi ake nema. Ni kuwa mai buga takardu ce a sashen kimiyya, kuma tun da na kama aiki na same shi a nan, da furfurarsa da sukudireba a aljihun gaba.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, gida ba kowa sai rediyo. Shi ya sa ɗakin shan shayin ma'aikata ya zame masa falo. Kusa da butar lantarki yana da kujerarsa, wadda ya ɗaure wa ƙafa da waya, da kofinsa mai tsagaggen baki. A nan muke baje kolin ƙorafi, shi kuma yana hura shayi yana dariya, ba ya tofa komai.

Ku fahimce mu fa, ba haka kawai muka zama masu zargi ba. Tsohon shugaban kwaleji yana da 'yan kai rahoto a kowane lungu. Ka yi tari a ɗakin shayi, kafin ka koma ofis an ce ka zagi hukuma. Malamin lissafi ya taɓa cewa allon ajinsa ya girme shi, aka mayar da shi ajin da ke jikin janareta, ya shekara yana koyarwa da ihu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai aka kawo sabon shugaba, mai yawan murmushi da "yaya iyali". Ni dai na ce a bi a hankali, haƙoran nan sun yi yawa.

Wata rana Hajiya ta ɗakin karatu ta yi mita a wurin shayi, wai rufi na zuba a kan littattafai. Ba a daɗe ba sai ga masu gyara. Malamin lissafi ya ce an jera masa darussa ba sararin ko kurɓar ruwa, sai ga sabon jadawali. Ni ma na ce kujerata ta kusa karya mini baya. Ranar Litinin na tarar da sabuwa dal, da ledarta. Wallahi ban zauna a kanta ba sai da na leƙa ƙarƙashinta.

"Jama'a," in ji Hajiya, ta rage murya, "ruwa ba ya tsami banza. Wa yake gaya wa shugaba?"

"Yau gyara ne," in ji malamin lissafi. "Amma bakin da ya kai maganar rufi, gobe shi zai kai abin da muka faɗa a kan mataimakin shugaba. Wa ke shiga kowane ofis ba a tambaye shi ba? Wa ke tsaye a saman tsani har a manta da shi kamar agogon bango?"

Duk muka juya muka kalli kujerar nan mai ɗaurin waya.

Ni ba na iya ajiye abu a ciki. Na tare shi a baranda na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, kai ne?"

"Ni ne mana, 'yata," ya ce, ko a jikinsa. "Ina gyara wa shugaba fanka ya ce ba mai gaya masa abin da ke damun mutane. Na ce rufi, jadawali, kujera."

"Da sunaye?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"To ita kujerar, yaya aka yi ta san hanyar ofishina?"

Ya gyara tsaninsa a kafaɗa ya wuce.

Ba wanda ya kore shi, kada a yi mana sharri. Kawai dai da ya shigo sai hira ta koma kan zafin rana da ƙwallon ƙafa. Ya gaishe mu, mu amsa, kowa ya sa ido a kofinsa. Ya jure na ɗan lokaci, sannan wata safiya muka ga kofin mai tsagaggen baki ba ya wurin da yake ajiye shi. Gyare-gyaren ma suka tsaya. Famfon banɗaki ya fashe, muka riƙa tsallake ruwa shiru, shugaba na ta murmushinsa yana tambayar iyali.

Ana tsakiyar zafi fankar ɗakin shayi ta mutu, dole aka aika a kira shi. Ya shigo ya kafa tsani, ɗaki ya yi tsit. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro auduga, ya mulmula a gabanmu.

"Ku yi hirarku, 'ya'yana," ya ce. Ya cusa ta a kunnuwansa biyu ya hau.

Malamin lissafi ya matso kusa da ni ya raɗa, "Wa ya sani ko ana ji ta cikin audugar?"

Kai, abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na tashi na ɗauraye kofina, na zuba shayi da sukarin da na san yana so, na ajiye kusa da kujerarsa.

"Baba, sauko ga shayi."

Yana ta ɗaure waya, bayansa gare mu.

"Baba!" Na ɗaga murya har Hajiya ta zabura.

Bai juyo ba. Fanka ta fara juyi, ya sauko, ya naɗe tsaninsa ya fita, audugar na kunnensa. Iskar da ya gyara mana ita ta sanyaya shayin.