Babin da Ban Karanta Ba

Malam Sada ya rasu. Haka ɗansa ya faɗa mini a waya ranar Talata da hantsi, ina zaure bakina har kunne ana shirin sunan jikata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, assalamu alaikum.

Shi ya koya mini karatu a ajin yamma na Ƙofar Guga, bayan na haura shekara arba'in. In na yi gaggawa sai ya dafa allo ya ce, "Malam Iro, harafi ba ya gudu." Da ya wallafa littafinsa na ɗan sanda mai binciken sata, har shagona ya kawo mini ɗaya. Na jefa cikin akwati, ban buɗe ba.

Bara aka mai da littafin fim. A ƙarshen fim ɗin ɗan sandan ya kama maigadin wani shago da aka yi wa sata, alhali ba a fasa kwaɗon shagon ba, makulli kuma yana aljihun mai shago. A majalisarmu ta bayan la'asar, a gaban kowa, na ce, "Malam, maigadin nan naka ta ina ya shiga? Ko aljani ne?" Aka kwashe da dariya. Ya yi murmushi ya ce, "Juya shafi, Malam Iro." Na ɗauka borin kunya ne. Daga ranar aka laƙaba masa Mai Aljani, shi kuma ya rage zama da mu.

Ranar addu'ar uku mai ɗakinsa Hajiya Binta ta gaya mini cewa masu fim ne suka yanke babin ƙarshe wai ya yi tsawo, Malam ya roƙe su suka ƙi. Na koma gida na buɗe akwati. Ashe maigadin ya danna makullin a jikin sabulu, maƙeri ya ƙera masa irinsa. Komai yana nan. A shafin farko kuma ga rubutun hannunsa: "Malam Iro, ka karanta ka nuna mini kuskurena."

Ya Allah ka jiƙan Malam Sada, ka haskaka kabarinsa, ka ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, tunda damar roƙonsa ta wuce ni.

Littafin yana zaurena a Kambarawa. Duk wanda ya yi dariya ranar nan, ya zo Juma'a bayan la'asar ya gani da idonsa. Ni zan karanta muku babin, a hankali, yadda ya koya mini.