Rumasa'u da Sunan da Ta Ƙi Faɗa

Duk wanda ya zauna a unguwar Misfala ta Makka a shekarun yaƙin Turawa ya san Rumasa'u mai ƙosai. Katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da nata, saboda haka na san tarinta, na san kukanta, na kuma san taurin kanta.

Daga wani ƙauye na ƙasar Kazaure suka taso da ƙafa, ita da mijinta Ja'afaru. 'Yarsu ɗaya, an kai ta yaye gidan kaka, suka bar ta can da niyyar su sauke farali su koma. Hanya ta ci shekaru. Ja'afaru ya rasu a gonakin audugar Sudan, Rumasa'u ta iso Makka ita kaɗai, babu abin komawa. Daga baya labari ya zo cewa yunwa ta watsa ƙauyen, kakar ta ɗauki yarinya ta yi wani wajen.

Kowace shekara in alhazai sun cika Mina, sai ta ɗauki ƙwaryar ƙosai ta bi tanti-tanti. Ciniki dai sunansa ciniki, amma cigiya take yi.

"Akwai mutanen Kazaure? Don Allah ko kun san wata yarinya, marainiya, kakarta ta riƙe ta?"

"Hajiya, yaya sunanta?"

Nan take sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. "Ta fari ce."

To, ina uwa ta gari za ta kama sunan 'yar fari? Alhazai su jinjina kai, su yaba kunyarta, su sayi ƙosai, ta wuce tanti na gaba.

Abin nan ya sha ƙona mini rai. Na ce, "Ya ukhti, haram alaiki! 'Yar'uwa, wannan bai dace ba! Ba surukai a nan, ba dangin miji. Faɗa mini a kunne, ni in riƙa tambaya."

Ta ce, "Ke a Makka aka haife ki, ba za ki gane ba. Komai nawa ya zube a hanya, wannan kaɗai na iso da shi."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har gori na yi mata. Ko gezau.

Ciwon ajali ya kama ta bayan an fara kawo alhazai a jirgin sama. Ina ba ta ruwan Zamzam da cokali, sai ta kalli bakin ƙofa, ta ɗaga murya kamar mai kiran yaro ya zo cin tuwo: "Ummulkhairi!" Kafin la'asar mun yi mata sutura.

Hajjin da ya biyo baya wata mata ta yi sallama a zaurenmu, har da furfura a goshinta. Ta ce maƙwabciyarta ta taɓa ba ta labarin wata tsohuwa a Mina mai neman 'yar da ba ta faɗin sunanta. Shekara da shekaru abin yana cin ta, ko ita ce. Na tambayi sunanta, ta ce Ummulkhairi. Na ɗauki mayafina, na ce ta biyo ni.

Na kai ta maƙabartar Ma'ala. Kaburburan nan ba su da alama, ban iya nuna mata na Rumasa'u ba. Na ce, "Ta kira ki, ranar da za ta tafi."

Ta ce, "Da sunana? Da bakinta?"

"Da bakinta."

Ta durƙusa a kan tsakuwa mai zafi, ta rufe fuska, ta ce, "Na'am, Inna."