Furen Farko a Idon Oynihol

Nazarali ya tsufa yana gyaran takalma a wani ƙauyen Tajikistan da ke gindin dutse. Duk ƙarshen hunturu, tun raɓa na daskarewa a kan rassa, yakan durƙusa a lambun bayan gida yana tone ƙanƙara da yatsu. Boicecak yake nema, ɗan furen nan ruwan ɗorawa mai riga sauran furanni fitowa. Mutanen garin sukan shafa na farko a ido, su gode wa Allah da ya nuna musu wata shekara.

Matarsa Oynihol ta daɗe da makancewa. Bana ma ya kawo mata furen.

Ta ce, "Malam, ka sake jiƙa wandon ko?"

"Ke dai miƙo fuska."

Ya shafa mata a hankali, ƙanƙarar tana narkewa a gashin idonta.

"Wane launi ne?"

"Irin rigarki ta ranar biki."

"Kai, tsohon nan! Ja ce fa."

Sai ta yi murmushi, kamar mai hango wani wuri can nesa. Da zai janye hannu ta riƙe shi.

"Dakata, ban gama gani ba."