Mai Lambun da Kukan Gyare Ya Raba da Aikinsa

Matso kusa, jawo kujerar nan ka zauna, in ba ka labarin wani mutumin kirki da kukan gyare ya raba da aikinsa. Kada ka yi dariya tukuna, bari ka ji yadda aka yi.

Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da harabar wata makarantar sakandare. Ɗalibai suna ce masa Baba Almakashi, don da wuya ka gan shi babu ƙaton almakashin aske shinge a kafaɗarsa. Shi ke yanke ciyawar filin ƙwallo da inji, shi ke shayar da furanni, kuma itatuwan da malamai ke ajiye motoci a inuwarsu duk dashensa ne. A bayan ɗakin girki makaranta ta ba shi gida, ciki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu. Nan yake zaune da mai ɗakinsa da 'yar ƙanwarsa, wadda ya ɗauko tana shekara huɗu bayan rasuwar uwarta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ita kuwa Kawu take ce masa. Lokacin da abin nan ya faru tana ajin ƙarshe a makarantar.

To, akwai abin da bawan Allahn nan ya ɓoye. Shekara biyu ke nan idanunsa suna dushewa. Likita ya ce jijiya ce, magani zai rage mata sauri amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Mai ɗakinsa kaɗai ta sani. Saura shekara uku ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma ya san ranar da ofis ya ji, ranar aiki zai tafi, gidan ma ya bi shi. Sai ya koma aiki da ƙafa da kunne. Taku arba'in da biyu daga sito zuwa famfo. Shinge, da tafin hannu yake shafa shi ya ji inda ya yi tozo. Injin yankan ciyawa kuwa, sautinsa ke gaya masa inda ya riga ya bi. Babu wanda ya taɓa cewa aikinsa ya ragu.

Ana nan sai malamin kimiyya ya raba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni ya ba su aiki: su ɗauko kukan gyare da waya, su zuba a kwamfuta, su kwatanta. Ashe in ka sa kukan a kwamfuta, zane yake zama a allo, tsini-tsini kamar haƙoran mataji, har ka iya ƙirga sau nawa ƙwaron ya goga fukafukansa. Yara suka bazu a haraba da almuru. Abin da suka kwaso, rabi ƙarar babura, rabi dariyarsu.

Baba Almakashi yana naɗe tiyo ya ji su suna tattake masa furanni.

“Kai, 'yan boko! Gyare kuke nema ko ɓarawo kuka biyo? Ku tsaya cik. Kun ji wancan na gindin famfo? Mace yake kira. Na cikin tarin bulo kuwa faɗa yake, wani ya shigo masa gida.”

“Baba, har yarensu kake ji?” in ji wani dogon yaro, ɗan rukunin Uwata.

“Na fi jin nasu a kan naka. Je ka jikin bangon ɗakin girki, na can sun fi saurin baki, don bangon yana riƙe zafi. Su ma kamar ku ne, in suka ji ɗumi sai surutu.”

Da suka duba a kwamfuta, haka abin yake. Malamin kimiyya ya riƙe baki, ya ce lallai a kawo masa mutumin nan. Shekara da shekaru yana share ƙofar ɗakin kwamfuta, ran nan ya fara zama a kujerar ciki. Suka sa masa abin ji a kunne, suka kunna masa kuka ashirin ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi goma sha tara daidai, kowanne da inda aka ɗauko shi. Na ashirin ɗin suka ce ya kuskure, ya ce su dai sake dubawa. Ashe dogon yaron ne ya rubuta wa kukan sunan wani wuri daban. Ɗaki ya kaure da ihu.

Cikin murnar nan Uwata ta ce, “Kawu, dubi zanen na gindin famfo, ka ga yadda ya jeru!”

Ya ce, “Kai, ya yi kyau.” Amma kwamfutar da ke kusa ya fuskanta, wadda take a kashe.

Ta lura, amma ta bari sai a hanyar gida. Ta tsaya a gabansa ta ɗaga hannu.

“Kawu, yatsu nawa na ɗaga?”

Sai ya zaunar da ita a bakin kwalbati ya gaya mata komai, har ƙirgen takun.

“Uwata, ajiya na ba ki. In maganar nan ta fita, ni da ke da innarki babu inda za mu sa haƙarƙarinmu.”

Ta yi kuka, ta rantse ko bango ba zai ji daga bakinta ba. Ya yarda. Da wa zai yarda in ba yarinyar da ya goya a wuya ba?

Bayan wata guda aka yi ranar baje kolin ayyukan ɗalibai. Iyaye suka cika babban zaure, ga baƙi daga wasu makarantu, ga shugabar makaranta a gaba. Baba Almakashi ya sa kayansa na fita kunya ya zauna a layin baya. Rukunin Uwata suka hau, suka kunna kukan gyare a lasifika, suka yi bayani tsaf. Yana ta gyaɗa kai. Sai ya ji muryar dogon yaron yana karanta abin da ke rubuce a babban allo:

“Kashi na huɗu: yadda mai lambunmu, wanda kusan ba ya gani, ya yi kunnen doki da kwamfuta.”

Ka lura, ba suɓutar baki ba ce. Rubutawa aka yi, aka gyara, aka yi gwaji. Uwata da kanta ta karɓi magana, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta faɗi shekara biyun, ta faɗi taku arba'in da biyun, ta faɗi yadda yake tuƙa injin yankan ciyawa da kunne. Zaure ya ɗauki tafi. Mutane suna juyowa suna cewa, “Ikon Allah! Ina yake?” Wata mata ta dafa kafaɗarsa. Shi dai ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Rukunin Uwata ne suka zo na ɗaya.

Washegari da safe shugabar makaranta ta aika a kira shi. Mace ce mai kirki, har kujera ta ba shi.

“Baba, da ban ji ba, da shi ke nan. Amma na ji a gaban iyayen yara ɗari uku. Inji mai wuƙa, ga yara suna guje-guje a fili, in wani abu ya faru me zan ce?”

Ya ajiye mata makullin sito a kan tebur. Ta ce ya zauna a gidan zuwa ƙarshen zango.

Da rana Uwata ta shigo da takardar yabo a hannu, ta tarar da innarta tana ɗaure tukwane a buhu.

“Sannu da zuwa, farfesa,” in ji innar. “Kawo takardar mu rufa, tunda rufin ɗakin kin sayar.”

Yarinyar ta durƙusa gaban kawunta.

“Kawu, wallahi yabonka na yi. Malam ne ya ce in babu wannan, aikinmu bai fi na kowa ba. Na ɗauka in suka ga abin da kake iyawa…”

“Yaushe kika gaya wa malamin?”

Ta sunkuyar da kai. “Kwana uku bayan ka gaya min.”

“Kwana uku,” ya maimaita. “To sauran kwanakin da kike zuba min ruwan wanka, kina ce min Kawu ina kwana, duk da wannan a cikinki?”

Bai ƙara ba, kuma bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ta, da ta fi samun sauƙi.

Yanzu haka suna haya a wani ɗaki can bayan tasha, shi da mai ɗakin da yarinyar, don bai kore ta ba. Yana bin gidajen mutane yana aske musu shinge in an samu. Makon jiya ta zo ta tsuguna nesa da shi, ta yi masa magana. Wai an zaɓi aikinsu zuwa babbar gasa, wadda ake ba waɗanda suka ci gurbin karatu a jami'a. Amma alƙalan sun ce sai mai lambun ya zo da kansa, ya hau dandamali, a kunna masa kukan a gaban jama'a.

Ya ce ta ba shi lokaci. Jibi ne tafiyar, har yanzu bai ce komai ba.

To kai da ka ji labarin tun daga farko, in kai ne shi, za ka sa takalminka ka bi ta?